Fada Damien na Molokai: Limamin da Ya Zauna da Kutare

Gabatarwa

Bahaushe yakan jera kalmomin tausayi da jinƙai wuri ɗaya, har mai sauraro ya zaci ma'anarsu guda ce. Sai dai wanda ya lura da yadda ake amfani da su zai ga 'yar tazara a tsakani. Tausayi motsi ne na zuciya, mutum na iya jin sa ya girgiza kai ya yi gaba abinsa. Jinƙai kuwa ba ya cika sai ya sauko hannu, ya zama lomar abinci, ko ɗaurin miki, ko rufin ɗaki. Tarihin Fada Damien, limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam wanda ya rayu tsakanin 1840 da 1889, tarihi ne na wannan kalma ta biyu. Shekara 16 ya yi cikin mutanen da hukuma ta keɓe saboda kuturta a tsibirin Molokai na ƙasar Hawai, can tsakiyar Tekun Fasifik, kuma cutar da ya je jiyyar masu ita ce ta zama ajalinsa.

Ba za a fahimci abin da ya kai shi can ba sai an san koyarwar da ya tashi a cikinta. A Linjila, Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya taƙaita doka duka cikin abu biyu, wato ƙaunar Allah da ƙaunar maƙwabci. Da aka tambaye shi wane ne maƙwabcin, sai ya ba da misalin da ke sura ta 10 ta Bisharar Luka. 'Yan fashi sun yi wa wani matafiyi dūka sun yar da shi a bakin hanya. Ma'aikatan addini biyu suka gan shi suka ratse, sai wani Basamariye, daga kabilar da Yahudawa ba sa ga maciji da ita, ya tsaya ya wanke masa rauni, ya ɗora shi a kan dabbarsa, ya biya kuɗin masaukinsa. A sura ta 25 ta Bisharar Matiyu kuma an nuna cewa ciyar da mayunwaci da tufatar da matsiraici da duba marar lafiya, duk tamkar Almasihu aka yi wa. Game da kuturta kuwa, dokar da ke cikin Littafin Firistoci ta hukunta cewa mai ita ya zauna shi kaɗai a bayan zango. Amma a farkon Bisharar Markus, da wani kuturu ya zo neman waraka, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi. Wannan taɓawar ita ce mabuɗin rayuwar Damien gaba ɗaya.

Haihuwa da Tasowa

An haife shi ranar 3 ga Janairu, 1840, a ƙauyen Tremelo da ke yankin masu magana da harshen Filemish a Beljiyam. Sunansa na yanka Jozef De Veuster, shi ne na bakwai a gidansu. Mahaifinsa manomi ne mai taɓa fataucin hatsi. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya kama aikin gona, inda ya yi ƙarfi, ya kuma koyi sarrafa katako da kayan gini. Daga baya mahaifin ya tura shi garin Braine-le-Comte don ya koyi Faransanci, da nufin ya gaje shi a kasuwanci. Yaron kuwa hankalinsa na wani wuri. 'Yan'uwansa mata biyu sun riga sun shiga zaman ibada, wansa Auguste kuma ya shiga wata ƙungiyar limaman mishan da ake kira Ƙungiyar Tsarkakan Zukatan Yesu da Maryamu. A 1859 Jozef ya bi sahun wansa zuwa gidan ƙungiyar a birnin Leuven, inda ya ɗauki sunan Damien, sunan wani waliyyi likita na farkon zamanin Kiristanci.

Da farko shugabanninsa ba su ga alamar limami a jikinsa ba, domin bai san Latin ba. Wansa ne ya zauna ya koya masa, har aka yarda ya ci gaba da karatu. A al'adar ƙungiyar, ranar da mutum zai ɗauki alkawarin zama ɗanta na har abada, yakan kwanta a ƙasa a lulluɓe shi da mayafin da ake rufa wa gawa, alamar ya mutu ga sha'anin duniya. An yi wa Damien haka a Faris a 1860, kuma ya riƙa tuna wannan rana bayan ya je Molokai.

A 1863 aka zaɓi wansa cikin waɗanda za su tafi Hawai, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi. Damien ya roƙa a tura shi a madadinsa, alhali bai gama karatu ba. Bayan kusan wata biyar a teku, ya sauka a Honolulu ranar 19 ga Maris, 1864, aka naɗa shi limami ranar 21 ga Mayu na wannan shekara. Shekara tara da suka biyo baya ya yi su a babban tsibirin Hawai, a yankunan Puna da Kohala, yana yawo a ƙafa da bisa doki, yana gina ƙananan majami'u da hannunsa. A nan ya ƙware a harshen mutanen ƙasar, a nan kuma ya fara ganin ana kama 'yan majami'arsa ana tafiya da su.

Cutar da Ke Raba Dangi

A wancan zamani Hawai masarauta ce mai cin gashin kanta. Tun zuwan jiragen Turawa a 1778 cututtukan baƙi suka yi ta cin mutanenta, har al'ummar da ake ƙiyastawa da ɗaruruwan dubbai ta koma ƙasa da 60,000 a ƙidayar 1872. Da kuturta ta fara yaɗuwa sai tsoro ya kama hukuma. A 1865, zamanin Sarki Kamehameha na Biyar, aka kafa dokar keɓe masu cutar. Wurin da aka zaɓa wani ɗan harshen ƙasa ne a arewacin Molokai, teku ta kewaye shi ta gefe uku, ta gefe na huɗu kuma dutse ne a tsaye kamar katanga, mai tsawon ɗaruruwan mita. Ƙauyuka biyu ne a wurin, Kalawao da Kalaupapa. A Janairun 1866 aka sauke mutum 12 na farko, kuma kafin a soke dokar a 1969, kimanin mutum 8,000 ne aka kai can.

Tunanin hukuma shi ne mutanen za su yi noma su ci da kansu. Ta yaya wanda yatsunsa suka gutsure zai riƙe fartanya? Abinci bai isa ba, ruwa sai an ɗebo daga nesa, likita mazauni babu, masu ƙarfi suna danne raunana. 'Yan Hawai ba su da al'adar gudun marar lafiyarsu, saboda haka abin da ya fi yi musu ciwo shi ne rabuwa, har suka sa wa kuturta suna mai ma'anar cutar da ke raba dangi. Mutane da dama masu lafiya sun zaɓi bin mazajensu ko matansu ko 'ya'yansu zuwa can don su yi jiyyarsu, ana kiran su kokua, wato mataimaka. Waɗanda aka keɓe ɗin kuma sun kafa majami'arsu ta Furotesta mai suna Siloama tun a 1866. Ya kamata malamin da zai koyar da wannan tarihi ya riƙe wannan batu da kyau, kada ɗalibai su tashi da zaton babu mai jinƙai a Molokai sai da Bature ya zo. Damien ya tarar da masu yi, ya shiga cikinsu.

Shiga Molokai

A watan Mayun 1873 Bishof Louis Maigret ya tara limamansa a tsibirin Maui, ya faɗa musu halin da Katolikan Molokai ke ciki na rashin limami. Bai umarci kowa ba, don ya san aika mutum can kamar aika shi kabari ne. Huɗu suka miƙa kansu, aka shirya za su riƙa karɓa-karɓa. Damien ne ya fara tafiya, ya sauka ranar 10 ga Mayu, yana da shekara 33. Bai daɗe ba ya rubuta yana neman a bar shi can dindindin, maganar karɓa-karɓa ta mutu ke nan. A wannan shekara ce kuma wani likita ɗan Norwe, Gerhard Hansen, ya gano ƙwayar cutar kuturta, amma magani sai bayan kusan shekara 70.

Ya tarar da ɗaruruwan marasa lafiya da 'yar ƙaramar majami'a ta katako mai suna Filomena. Da yake ba shi da ɗaki, makonnin farko a gindin wata bishiya da ake kira hala ya riƙa kwana, kusa da maƙabarta. An gargaɗe shi kada ya taɓa kowa, kada ya ci abinci da kowa. Shi da kansa bai ɓoye cewa warin miki ya sha ƙarfinsa da farko ba, har yakan fita daga ɗaki ya shaƙi iska ya dawo, kuma don ya danne warin ne ya koyi shan lofe. Amma bai ɗauki lokaci ba ya gane cewa mutanen da duniya ta guje su ba za su saurari wanda ke tsaye daga nesa ba. Abincin 'yan Hawai shi ne poi, wani irin tuwon gwaza mai laushi da ake ci da yatsa a ƙwarya ɗaya. Sai ya riƙa zama yana sa hannu tare da su. Lofensa ya riƙa zagayawa daga baki zuwa baki. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take ga kowa. A huɗubarsa kuma, tun yana da lafiya, ba ya ce musu ku, sai ya sa kansa cikin jam'in kutare ya ce mu. Mai nazarin harshe ya san nauyin wannan ɗan canji na wakilin suna.

Aikinsa na yau da kullum yawancinsa na ƙarfi ne. Ya wanke miki ya ɗaure. Da guguwa ta rushe bukkokin ciyawa a 1874, sai ya nemo katako, shi da masu sauran ƙarfi suka shiga gina gidaje masu bene na itace da ke nesa da danshin ƙasa, har suka kai ɗaruruwa. Ya shiga aikin janyo ruwa da bututu, ya gyara hanya, ya faɗaɗa majami'a, ya sa aka yi gonaki. Ya buɗe gidan marayu na yara maza da na 'yan mata, domin yara su ne suka fi shiga uku a hannun manya. Ya kafa ƙungiyar mawaƙa da ta masu busa da kiɗa, abin da wani zai ga kamar wasa ne, alhali mutumin da aka sa masa ranar atisaye ya sami dalilin tashi da safe.

Babu inda jinƙansa ya fi fitowa kamar a sha'anin mamata. Kafin zuwansa, wanda ya mutu ba shi da kuɗin akwati, akan naɗe shi a bargo a tura shi rami marar zurfi, wani lokaci aladu su tone. Damien ya kewaye maƙabarta da shinge, ya riƙa sassaƙa akwatunan gawa yana haƙa kaburbura da hannunsa, ya kuma kafa ƙungiyoyin jana'iza don kada a binne kowa babu rakiya. A wurin da kusan kowa ke jiran mutuwa, sanin cewa za a kai mutum makwancinsa da mutunci ba ƙaramin abu ba ne. Wajen jiyya da gini bai bambanta Katolika da waninsa ba, ko da yake wajen wa'azi yana da zafi ƙwarai a kan aƙidarsa.

Abin da ya fi damunsa shi ne kaɗaici. A addinin Katolika, limami ma yana buƙatar wani limamin da zai furta wa zunubansa. A shekararsa ta farko hukumar lafiya ta hana shi fita, ta kuma hana shugabansa, Fada Modeste, sauka daga jirgi. Sai Damien ya shiga kwalekwale ya matso gefen jirgin, ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci, fasinjoji na kallo.

Halinsa

Kuskure ne a zana Damien a matsayin mutum mai sanyin hali da taushin harshe. Waɗanda suka zauna da shi sun shaida yana da saurin fushi da taurin kai, ba ya kula da tsabtar jikinsa ko ta tufarsa, kuma in ya ƙudurta abu ba ya jiran izini. Yakan ɗauki sanda ya fasa tukwanen masu dafa barasa, ya tarwatsa taronsu. Limamai biyu da aka turo masa a lokuta daban-daban, André Burgerman da Albert Montiton, duk zama bai yi daɗi tsakaninsa da su ba. Hukumar lafiya ta gaji da wasiƙunsa na neman katako da tufafi da magani. Shugabanninsa na Honolulu, Bishof Koeckemann da Fada Fouesnel, sun zarge shi da son suna, musamman da kuɗi suka fara zuwa daga waje da sunansa.

Sunan nasa ya tafi da gaske. A 1881 Gimbiya Liliuokalani ta ziyarci wurin, abin da ta gani ya hana ta yin jawabin da ta shirya, bayan haka masarauta ta ba Damien lambar girma. A London wani limamin Angilikan, Hugh Chapman, ya tara masa gudunmawa mai yawa, duk da saɓanin ɗarika. Abin lura a nan shi ne, kaushin halin nan da ya ɓata tsakaninsa da manya shi ne ya sa katako da bargo suka riƙa isa Kalawao. Da mai kunya ne da ya haƙura tun a wasiƙa ta biyu.

Kamuwa da Rasuwa

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa a ruwan zafi, fata ta saɓule, bai ji komai ba. Ya san abin da hakan ke nufi, likita Eduard Arning kuma ya tabbatar masa. A yau an san cewa kusan kashi 95 cikin ɗari na mutane jikinsu na iya kare kansa daga kuturta, kuma ba ta kama mutum sai da doguwar cuɗanya da wanda ba a yi wa magani ba. Damien yana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka rage, ga shi kuma ya yi shekara 11 ba ya kiyaye komai. Wannan sakaci abin zargi ne ta fuskar likitanci, likitocin wurin ma sun sha yi masa magana. A wancan lokaci wasu na ganin kuturta mataki ce ta tunjere, don haka sai tsegumi ya tashi cewa ta hanyar mata ya same ta. Likitoci sun duba shi ba su ga wata alamar tunjere ba, amma ƙazafin ya ci masa rai. Shugabansa ya hana shi zuwa Honolulu. Duk da haka ya je na 'yan kwanaki a 1886, ya ga irin wankan magani da likitan Jafan Masanao Goto ke yi wa marasa lafiya, ya dawo da dabarar Molokai.

Maimakon ya kwanta, sai ya ƙara ƙaimi, kamar mai gudun kada rana ta faɗi bai gama kunya ba. A shekarunsa na ƙarshe ne mataimakan da ya daɗe yana roƙo suka iso. Joseph Dutton, tsohon sojan yaƙin basasar Amurka, ya zo a 1886, ya zauna har 1930. Fada Louis Conrardy, ɗan Beljiyam, ya zo a 1888. A watan Nuwamba na wannan shekara Uwa Marianne Cope ta iso da 'yan'uwanta mata masu zaman ibada, suka karɓi kula da mata da 'yan mata. Ita Marianne ta ɗauki wata hanya daban, ta kafa doka mai tsauri ta wanke hannu da tsabta, ta zauna a wurin har rasuwarta a 1918 ba ta kamu ba.

Damien ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1889, Litinin ta makon da ke gaban Ista, yana da shekara 49. Aka binne shi a gindin bishiyar nan da ya fara kwana a ƙarƙashinta.

Bayan Rasuwarsa

Ƙasa ba ta gama kwanciya a kabarinsa ba gardama ta tashi. Wani malamin Furotesta a Honolulu, Charles Hyde, ya rubuta wa abokinsa wasiƙa yana siffanta marigayin da kaushi da ƙazanta da taurin kai, yana kuma maimaita ƙazafin mata. Wasiƙar ta fita a jarida. Marubucin nan ɗan Sikotland, Robert Louis Stevenson, wanda shi ma a gidan Furotesta ya tashi, ya riga ya yi kwanaki a Molokai jim kaɗan bayan rasuwar, ya tambayi masu son Damien da masu ƙinsa. A Fabrairun 1890 ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa daga birnin Sidni ya mai da martani. Ya yi fatali da ƙazafin, amma bai musanta sauran aibobin ba. Hujjarsa ita ce, mai aibobin nan shi ne ya je ya zauna, masu tsabtar kuwa suna gidajensu na alfarma a Honolulu. Wasiƙar Stevenson ta kai sunan Damien inda bai taɓa zuwa ba, kuma daga cikin waɗanda suka yaba aikinsa daga baya har da Mahatma Gandhi na Indiya.

Maganin farko mai aiki a kan kuturta ya bayyana a shekarun 1940, ya isa Kalaupapa a 1946. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da cutar cikin watanni, kuma daga 1995 aka fara ba da su kyauta. Cocin Katolika ya sanya Damien cikin waliyyai ranar 11 ga Oktoba, 2009, a hannun Fafaroma Benedict na 16, ita ma Marianne Cope ta bi bayansa a 2012.

Gawarsa ba ta zauna inda ya so ba. A 1936 Sarki Leopold na Uku na Beljiyam ya nemi a mai da ita gida, aka tone kabarin, mazauna Kalaupapa suna kuka suna waƙoƙin makoki. Jirgin ruwa mai suna Mercator ya kai ta Antwerp, aka binne ta a Leuven. Mutanen Molokai ba su daina roƙo ba, har a 1995 aka mai do musu da ƙasusuwan hannunsa na dama, aka sa su a kabarinsa na farko da ke gefen majami'ar Filomena a Kalawao.